Masaƙun Bombay da Renon 'Ya'yan Ma'aikata

Tun da aka kafa masaƙar auduga ta farko a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, a 1854, ƙauyawa suka riƙa kwarara birnin neman aiki, suna cunkushewa a gidajen haya da ake kira cawl, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya. Matan da ke aikin naɗa zare su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin babu mai riƙe musu goyo, har ta kai wasunsu na lasa wa jarirai ɗan ofiyom, wato ƙwaya mai sa barci, don su yi shiru har a tashi aiki.

Dokar hutun haihuwa ta Bombay ta 1929 ta kawo sauƙi, ko da yake wasu masu masaƙu sun gwammace su rage ɗaukar mata. Dokar masana'antu ta 1948 ta wajabta ɗakin reno a inda mata suka haura 50, dokar hutun haihuwa ta 1961 ta ba da hutun mako 12, sannan a 2017 aka mayar da shi 26, amma masu aikatau da 'yan ƙodago, waɗanda su ne mafiya yawa, ba su shiga lissafi ba.