Bulbul na Suleja: Daga Kurmin Abu Ja Zuwa Gaban Kyamara

Tun ba a idar da sallar asuba ba a Suleja, wata murya ta riga ta cika unguwa. Daga kan mangwaron tsakar gida, ko wayar lantarki, ko bakin katanga, wani ɗan tsuntsu yakan rera gajeriyar waƙa mai 'yan gaɓoɓi, ya yi shiru, ɗan'uwansa ya amsa masa daga gidan maƙwabta. Shi ne tsuntsun da masana ke kira bulbul. Ba shi da wani ado. Bayansa ruwan ƙasa ne, kansa ya ɗan fi duhu kuma yana da ɗan tukku, cikinsa fari-fari, tsawonsa daga baki zuwa jela kamar santimita 20. Kowa ya san muryarsa, amma da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa ya ƙare masa kallo. Duk da haka, wanda ya bi sawun wannan tsuntsu da danginsa zai ga yadda ƙasar Suleja ta sauya a cikin kusan shekaru 200.

A farkon ƙarni na 19, da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka Zuba a ƙasar Koro, kusa da Dutsen Zuma. Ya yi shekaru yana yaƙi har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, aka sa wa garin sunansa, Abuja, wato Suleja ta yau. Abin da ya ja hankalin masu gudun hijira zuwa wurin shi ne tsaro. Ga duwatsu, ga rafuka, ga kurmi mai duhu da ke bin kowane kwari, inda doki ba ya iya sukuwa kuma tsando ke addabarsa. Mahaya daga arewa sun sha gwada sa'arsu, amma garin bai faɗa hannun kowa ba sai da Turawa suka shigo a 1902.

Wannan kurmi da ya kare mutane gidan wasu ne tun fil azal. Dangin bulbul a duniya sun haura iri 150, a Afirka da Asiya, kuma mafi yawan na Afirka 'yan kurmi ne: koraye-koraye, masu kunya, waɗanda ake jin muryarsu a cikin ganye ba a ganinsu. A tsakiyar Najeriya, inda daji yake fili-fili da dogayen ciyayi, irin waɗannan ba su da mazauni sai siririn kurmin bakin rafi. Akwai wani mai rawayan maƙogwaro, ya ɗan fi bulbul na gida girma, wanda ke yawo ƙungiya-ƙungiya yana surutu ba ƙaƙƙautawa a bishiyoyin gaɓar ruwa. Shi da 'yan'uwansa suna bukatar inuwa mai haɗe da juna, da kurangar daji, da danshi ko a tsakiyar rani.

Na gida kuwa halinsa daban ne. Ba ya son tsakiyar kurmi, bakinsa yake so, inda rana ke ratsawa. Saboda haka duk gatarin da aka ɗaga don share gona ko gina ganuwa, fili ya buɗe masa. Manoman Gwari da Koro da Hausawa sukan bar kaɗanya da ɗorawa a gona, a ƙofar gida kuma a dasa cediya da durumi don inuwa, su kuwa waɗannan 'ya'yansu abincinsa ne. Daga baya mangwaro da gwaba da gwanda suka cika lambuna. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, ta bazu ko'ina, kuma tsuntsayen da ke haɗiye 'ya'yanta su kasayar da ƙwallon a wani wuri suna cikin masu yaɗa ta. Da hunturu, idan gurjiya ta yi jan fure, bulbul yakan cusa kai ciki ya sha ruwan zaƙi. Da ruwan farko, idan gara mai fukafuki ta tashi, yakan cafke ta a iska ya koma reshensa. Har barkonon da aka shuka a bayan ɗaki ba ya tsira, domin tsuntsaye ba sa jin yajin da ke sa ɗan Adam hawaye.

Sanin tsuntsu a ƙasar Hausa ya daɗe a hannun maharba da manoma da yara masu danƙo da tarko, kuma ilimi ne na baka. Rubuta shi a takarda daga waje ya faro, da bindiga. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, René Desfontaines, shi ya fara bayyana bulbul na gida ga masana a 1789, daga tsuntsayen da ya samu a Aljeriya. Sunansa na kimiyya a yau Pycnonotus barbatus. A zamanin da Abu Ja ke kan gado, Louis Fraser, wanda ya biyo ayarin jiragen ruwan da Ingila ta turo kogin Kwara a 1841, ya bayyana irin na Afirka ta Yamma a 1843. Namu fari ne a ƙarƙashin jela, yayin da na gabashi da kudancin Afirka ke da rawaya a wurin. Tsakanin 1904 da 1907 kuma wani soja, Boyd Alexander, ya ratsa daga Lakwaja ta Binuwai zuwa Tafkin Cadi har zuwa kogin Nilu, yana harbin tsuntsaye, ana feɗe su, ana cusa auduga a fatar, a ɗaura wa ƙafa 'yar takarda mai suna da wuri da rana. Daga irin waɗannan fatu da aka tara a gidajen adana kayan tarihi David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, tsakanin 1930 da 1951.

Fata tana nuna launi da tsawon fiffike. Ba ta nuna abin da tsuntsu yake yi da safe, ko wace bishiya yake so, ko yadda yake ciyar da 'ya'yansa.

Mutanen ƙasar Abuja suna da tasu hanyar adana kamannin halittu. A 1950 Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya ga tukwanen wata mata 'yar Kwali a gidan Sarki Sulaimanu Barau, kuma bayan ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, matar nan, Ladi Kwali, ta shiga a 1954. A jikin randunanta takan zana ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi da tsuntsu, da ɗan tsinke, tun yumɓu yana ɗanye. Tukwanen sun kai Landan da Amurka, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Halittun da ta zana su ne waɗanda mace mai zuwa rafi ɗiban ruwa take gani kullum.

Kyamara ta fara shiga harkar tsuntsaye a Turai. A 1884 Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan shamuwar Turai tana tashi daga sheƙa a Jamus. A Ingila wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye a 1895 wanda duk hotunansa na kyamara ne. Don su kusanci tsuntsu bai firgita ba, har fatar sa suka sa aka ɗinke musu, mai hoto ya shige ciki ya leƙa ta wata 'yar kafa, dabarar da ba ta da nisa da ta maharbin Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya tunkari namun daji a duƙe. A Najeriya, madubin hangen nesa da littafin aljihu suka fara maye gurbin bindiga bayan Yaƙin Duniya na Biyu. John Elgood na Jami'ar Ibadan ya wallafa ɗan littafi a kan tsuntsayen gari da lambu a 1960, aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya a 1964, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, da mujallarta Malimbus da ta fara fita a 1979.

A daidai wannan lokaci ƙasar Abuja ta shiga sauyin da ya fi kowanne girma. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi yankin ya zama sabon babban birnin tarayya. Masarauta ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunanta, tsohon gari ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. A nan ma'aikatan farko na gina birnin suka yada zango. Da gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamban 1991, sannan da rusau ya yi tsanani a shekarun 2000, leburori da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa Suleja da Madalla neman haya mai sauƙi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 200,000 a ƙaramar hukumar. Gidajen bulo suka hau duwatsu suka gangara har gaɓar rafuka, itacen girki da gawayi suka ci bishiyoyi, masu ɗiban yashi suka shiga kwari.

Bulbul na gida bai yi asara ba. Famfo mai ɗigo, gwandar bayan gida da furannin shingen makaranta sun ishe shi. Wannan ne ma yake ruɗar ido: mutum yana jin kukan tsuntsu kowace safiya, sai ya ɗauka komai yana nan yadda kakanni suka bar shi. Waɗanda suke ja da baya su ne 'yan kurmi, waɗanda dama ba a saba ganinsu ba, don haka ba mai cigiyarsu idan sun ɓace.

A nan hoto yake da amfani, kuma mai koyon ɗaukar tsuntsaye ba shi da malamin da ya fi bulbul. Yana da sauƙin samu, amma yana da wuyar kyau a hoto. Kansa duhu, idonsa duhu, idan rana tana bayansa sai fuskar ta fito baƙi ƙirin ba ido. Gwani yakan fito da hantsi bai ɗaga ba, ya ba rana baya, ya zauna nesa kaɗan da cediyar da ta nuna, ya jira har tsuntsun ya juyo kai haske ya ɗan ƙyalla a ƙwayar idonsa, sannan ya danna. Hazon hunturu yana tausasa haske, yana kuma cusa ƙura a gilashin kyamara. Wanda ya jure zama yakan ga abin da mai wucewa ba ya gani: miji da mata sun zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗayan yana tsefe masa gashin wuya da baki, ko goma sun taru a reshe ɗaya suna ta tsiwa da tukku a miƙe, wanda galibi alama ce ta maciji ko mujiya ko kyanwa a kusa. Tsofaffin manoma sun san wannan ƙara, sukan duba ƙasa kafin su taka.

Sheƙarsa 'yar ƙoƙo ce ta siraran saiwoyi da ciyawa, an ɗaure ta da saƙar gizo-gizo a gwafar reshe. Macen takan yi ƙwai 2 ko 3 masu ɗigo-ɗigon ja, ta yi kwanci kamar mako biyu. Masu hoto na ƙwarai ba sa karya ganyen da ya rufe sheƙa don hoto ya fito, domin abin da ya buɗe wa kyamara ya buɗe wa hankaka da shaho. Sha'awar da ba ta da linzami ta riga ta yi ɓarna a wani wuri: a kudu maso gabashin Asiya, wani babban bulbul mai kai ruwan ƙaiƙayi ya kusa ƙarewa saboda masu kama shi su sa a keji don daɗin muryarsa, har a 2018 aka sa shi a jerin waɗanda ke bakin halaka.

Binciken da ya fi zurfi a kan bulbul na gida a Najeriya an yi shi ne a dajin Amurum kusa da Jos, a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. A can Chima Nwaogu da abokan aikinsa suka yi shekaru suna kama su, su sa musu zobe a ƙafa, su sake su. Sun gano cewa bulbul yana iya yin sheƙa kusan kowane wata na shekara, amma sauya gashinsa da damina yake yi. Tsuntsun da bai ɗaure haihuwarsa da lokaci guda ba, kuma bai zaɓi abinci ba, ba mamaki ya zauna daram a garin da ke sauyawa kowace shekara.

Daga wannan cibiya aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kamar kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai yakan shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar waya, ita kuma ta haɗa da rana da wurin. Idan ya ba da rahoton wani tsuntsu a inda ba a san shi ba, masu tantancewa sukan nemi hujja, kuma hoto ne hujjar da ta fi ƙarfi. Ɗalibai da malamai daga Kano, Jigawa, Kaduna da Abuja suna cikin masu wannan yawo, da yawansu da ƙaramar kyamara ko wayar hannu kawai.

Aikin da 'yar takardar ƙafar tsuntsu ta yi wa Boyd Alexander, yanzu hoto mai kwanan wata yana yin sa, tsuntsun kuma ya tashi da ransa. A Suleja wuraren da suka fi bukatar irin wannan shaida su ne guntayen kurmin da suka rage a gaɓar Iku, da kwarin Mayanka, da gindin Dutsen Zuma, da hanyar Gurara. A can ne za a iya tabbatar da ko mai rawayan maƙogwaro da sauran 'yan inuwa suna nan, a wace bishiya, a wane wata, kafin fulotai su isa bakin ruwa.