Daga Zuga-zugi Zuwa Injin Iska: Tarihin Neman Makamashi da Darasinsa ga Gaya da Ajingi

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A 'yan shekarun nan, duk lokacin da 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna birane suka haɗu a taron shekara, maganar wutar lantarki ba ta taɓa fita daga bakinsu. Wasu na cewa a sayo sola, wasu kuma na ganin tunda Allah ya hore mana iskar hunturu, a kafa injinan iska kamar yadda ake gani a ƙasashen waje. Kafin mu zuba kuɗin jama'a, ya kamata mu duba abin da ya faru da waɗanda suka riga mu gwadawa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, samar da makamashi bai kai adana shi da kula da kayan aikinsa wuya ba.

Sarrafa iska ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka fara zama a gindin Dutsen Dala saboda neman tama. Maƙeri kuwa ba ya aiki sai da zuga-zugi, kuma hikimar zuga-zugi ita ce fata biyu gare shi: yayin da ɗaya ke hura wuta, ɗayar tana cika, don haka iskar ba ta yankewa. Haka manomi ya gane cewa damina wata huɗu ce ko biyar, ci kuwa na wata goma sha biyu ne, shi ya sa ya gina rumbu. Wannan tunani na tara abu lokacin yalwa domin lokacin rashi shi ne ginshiƙin duk maganar makamashin iska da na rana a yau.

Wutar lantarki ta shigo Nijeriya ta Legas a ƙarshen ƙarni na 19. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka sayar da sashen rarraba wuta ga kamfanoni, inda jihohin Kano da Jigawa da Katsina suka faɗa hannun KEDCO. A duk tsawon wannan lokaci tsarin iri ɗaya ne: ana samar da wuta a nesa, a jawo ta ɗaruruwan kilomitoci a kan turaku, garuruwan karkara irin namu kuma su ne na ƙarshen layi. Raunin wannan tsari ya fito fili a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata babban layin da ke tsakanin Shiroro da Kaduna, ɗaya layin da ke kawo wuta daga kudu shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk sun ji a jikinsu.

Ta ɓangaren iska kuwa, tun a shekarun 1960 aka kafa famfunan iska a wasu garuruwan Arewa domin jawo ruwa daga rijiya zuwa tanki. Dabarar tana da kyau, domin tankin shi ne rumbun: iska ta yi aiki lokacin da ta ga dama, jama'a su ɗebi ruwa lokacin da suke bukata. Amma yawancinsu sun tsaya bayan 'yan shekaru, saboda babu wanda aka ɗora wa alhakin zuba musu mai ko sauya abin da ya lalace.

Babban gwajin da aka yi shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina. An faro tunanin aikin a zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yake gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa kwangila. Tsarin shi ne a kafa injina 37, kowane mai ƙarfin kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi, kuma bai kuɓuta ba sai a watan Nuwamba na 2013, lokacin da ya tsere daga hannunsu a Zariya. Aikin ya tsaya, kayan da aka kawo suka daɗe a rana da ƙura, shekaru suka yi ta shuɗewa jama'ar yankin suna kallon dogayen turaku ba tare da cin moriyar da aka yi musu alkawari ba. Iska ba ta daina kaɗawa a Rimi ba. Tsaro da kuɗin ci gaba da aiki da gyara su ne suka yi ƙaranci.

Yana da kyau a fahimci halin ita kanta iskar. Injin iska ba ya fara ba da wuta sai gudun iska ya kai kimanin mita 3 a daƙiƙa, kuma idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa sau takwas. Saboda haka ɗan bambanci tsakanin wannan tudu da wancan kwari yana iya zama bambanci tsakanin riba da asara. A wajenmu iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, tana tafe da ƙura mai cin ƙarfe, sannan a farkon damina a samu guguwa mai ƙarfin da sai an tsayar da inji don kada ya karye. Akwai kuma ranakun bazara da ganye ko motsi ba ya yi. Wanda ya kafa inji babu batir, ya yi noma ne babu rumbu.

A nan ne misalin Jami'ar Bayero ta Kano yake da amfani. A watan Satumba na 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar wuta mai ƙarfin megawat 7.1 a jami'ar, ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, wato REA. Tashar ta haɗa abubuwa uku: allunan sola, da manyan batura masu ajiye wutar rana domin dare, da janaretocin ko-ta-kwana. Haka ake yi a sauran duniya. Jami'ar North Texas a Amurka ta kafa injinan iska uku a gefen filin wasanta da aka buɗe a 2011, yayin da filin ƙwallo na Johan Cruijff a birnin Amstadam na ƙasar Holan ya haɗa ma'ajiyar wuta mai ƙarfin megawat 3 a 2018, daga baturan motocin Nissan, sababbi da tsofaffi. Filin wasa yana shan wuta mai yawa na 'yan sa'o'i ne kawai, don haka ake tara ta sannu a hankali kafin ranar wasa. Bukatar ɗakin haihuwa da dare, ko ta ɗalibai masu karatun jarrabawa bayan isha'i, irin wannan ce.

Abubuwa biyu sun sauya da suka sa maganar ta zo kusa da mu. Na farko, farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da farkon shekarun 2020. Na biyu, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, abin da ya buɗe ƙofa ga ƙananan tashoshin gari. Bugu da ƙari, muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, maƙwabciyarmu, wadda ke da malamai da ɗaliban injiniya.

Shawararmu ga 'yan uwa ita ce, kada a sayi injin iska ko ɗaya sai an roƙi masana su auna iskar wurin na tsawon shekara guda cur, da rani da damina. Idan awon bai gamsar ba, rana tana nan, kuma ba ta yi mana rowa. A fara da ƙaramin aiki, kamar asibiti ɗaya ko makaranta ɗaya a Kademi ko Toranke ko Balare, a ga yadda zai kasance. Tun ran gini tun ran zane: ranar da aka ware kuɗin saye, a ware na sauya batir, domin batirin ruwa ba ya wuce 'yan shekaru a zafin ƙasarmu, shi ma na litiyam yana da wa'adi. A horar da matasa biyu ko uku na garin su iya wanke allunan sola da duba waya, a yanka musu ɗan alawus, a kuma sanya mai gari da kwamitin unguwa cikin tsaron kayan.

Da yawa daga cikinmu sun ga rijiyoyin burtsatse masu sola da aka buɗe da kiɗa da jawabai, bayan shekara biyu suka zama wurin ɗaure awaki saboda ƙaramin abin da ba a tanadi kuɗinsa ba. Kuɗin da 'yan uwa ke aikowa daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas guminsu ne, kuma amana ce a hannun shugabannin ƙungiya. Muna fatan idan aka zo zaman kasafin bana, tambayar farko da za a yi game da kowane aikin wuta ita ce wa zai kula da shi bayan shekara biyar, kuma da wane kuɗi. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya albarkaci ƙasar Gaya da Ajingi.