Dabarar zuba duka ko janyewa a wasan poka

Wasan karta na poka, musamman nau'in Texas Hold'em, ya yi fice a duniya bayan da wani akanta Ba'amurke, Chris Moneymaker, ya lashe dala miliyan biyu da rabi a babbar gasar Las Vegas a shekarar 2003.

A irin waɗannan gasa, kowane ɗan wasa yana farawa ne da tsabobin roba masu madadin kuɗi, kuma duk wanda nasa suka ƙare ya fita.

A kowane rabo, mutum biyu ne ke yin zubin dole, ƙarami da babba, kafin su ga kartarsu. Adadin zubin yana ƙaruwa a kai a kai.

Zaɓi biyu kacal

Idan tsabobin mutum suka ragu zuwa kimanin ninki goma na babban zubi, masana wasan na ba da shawarar ya taƙaita ga abu biyu: ko ya zuba duk abin da ya mallaka, ko ya ajiye kartarsa.

Dalili kuwa shi ne ƙaramin ƙari yana cinye kaso mai yawa na abin da ya rage masa, ba kuma tare da ya razana kowa ba.

Misali, mai tsabobi 10,000 a lokacin da zubin dole yake 500 da 1,000, idan ya zuba duka kowa ya janye, zai kwashi 1,500. Ƙarin kashi 15 cikin ɗari ke nan ba tare da an buɗe karta ba.

Dan Harrington, wanda ya lashe gasar ta Las Vegas a 1995, ya yi bayanin wannan yanayi a littafin da ya fitar a 2005, inda ya auna ƙarfin ɗan wasa da yawan zagayen da tsabobinsa za su iya ɗauka.

Haɗarin kujerar farko

Sai dai kuma dabarar ta fi tsauri ga wanda ke fara yanke shawara, wato na hagun mai babban zubi.

A teburi mai mutum tara, akwai mutum takwas a bayansa da ba su motsa ba tukuna.

Idan aka ɗauka kowannensu ba zai tare shi ba sai da hannun da ke cikin kashi biyar mafi ƙarfi, yiwuwar a samu aƙalla mutum guda mai irin wannan hannu ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari.

Ga wanda saura mutum biyu a bayansa kuwa, ba ta wuce kashi goma ba.

Saboda haka ne na farkon kan zuba duka da hannu mai ƙarfi kawai, kamar karta biyu masu lamba ɗaya, ko As haɗe da babbar karta.

Amma jira ma yana da tsada, domin babban zubi zai faɗo kansa a rabo na gaba. As biyu kuwa, hannun da ya fi kowanne, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221.

Iyakar lissafi

Lissafin ba ya kawar da sa'a. Ko mai As biyu yakan sha kaye a hannun mai Sarki biyu kusan sau ɗaya cikin biyar, kuma a gasa faɗuwa ɗaya ta isa ta fitar da mutum.

Wasu ƙasashe na kallon poka a matsayin wasan basira, yayin da wasu da dama ke sanya ta cikin caca, wadda addinin Musulunci ya haramta.