Ma'aunin Pettenkofer da Tarihin Awon Iskar Ɗaki

Wannan takarda za ta duba asalin wani adadi da likitoci da masu tsara gine-gine suka daɗe suna dogara da shi. A shekarar 1858 ne Max von Pettenkofer, masanin kiwon lafiya a birnin Munik na Jamus, ya bayyana cewa idan iskar kabon dayokzaid, wadda mutum ke fitarwa wajen numfashi, ta wuce kashi 1 cikin 1,000 na iskar ɗaki, to ɗakin yana bukatar sabuwar iska. Sai dai a lura, bai ce wannan adadi guba ba ne. Ya ɗauke shi alama kurum, wato shaidar cewa mazauna ɗakin suna shaƙar numfashin juna. Nan ne kuwa da yawa suka kasa fahimtarsa.

Abin mamaki, Pettenkofer bai yarda ƙwayar cuta kaɗai ke haddasa annoba ba, har a 1892 ya sha ruwa mai ƙwayoyin kwalara don kafa hujja. Amma da korona ta ɓarke a 2020, adadin nan nasa makarantun Jamus da dama suka riƙa dubawa a na'urorin awo domin sanin lokacin buɗe taga.