Goshin Jirgin Yaƙi: Daga Dokin Baracca Zuwa Bakin Kifin Inugu



Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu, ko tsofaffin hotunansa da ke yawo a intanet, ya ga jirgin nan mai baki a wangale, da fararen haƙora zaƙo-zaƙo, da jan harshe, da ido ɗaya a kowane gefe. Ya ga kuma manyan jiragen Amurka masu hoton mace a goshi, ga suna da manyan baƙaƙe, ga jerin 'yan ƙananan bama-bamai an zana a gefe. Yawancinmu mun ɗauka abin can tsakanin Turawa ya tsaya. Alhali hanyar da jiragen nan suka bi ta Kano da Maiduguri ta ratsa, kuɗin sayen wasunsu daga aljihun kakanninmu ya fito, kuma akwai shekarar da bakin kifin nan ya yi shawagi a kan Kogin Binuwai.

Mu da muka tashi tsakanin Rabah da Wurno ba sai an yi mana dogon bayani kan dalilin da zai sa mayaƙi ya ƙawata abin hawansa ba. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, garin dawaki da barade. Lifidi kariya ne, amma jalala da layun da ake rataya wa doki da gashin jiminar da ke kan kwalkwali ba su tare kibiya. Aikinsu a gane mai doki daga nesa, abokin gaba ya ji shakka, shi kuma mahayin zuciyarsa ta tsaya. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin zane-zanen jirgi da suka fi shahara a Yaƙin Duniya na Farko ma doki ne. Francesco Baracca, matuƙin Italiya da ya harbo jirage 34 kafin a kashe shi a watan Yunin 1918, sojan doki ne tun farko, sai ya zana baƙin doki mai tsaye da ƙafafun baya a jikin jirginsa. A 1923 iyayensa suka haɗu da wani mai tseren mota, Enzo Ferrari, mahaifiyar ta ce masa ya sa dokin ɗanta a motocinsa zai kawo masa sa'a. Dokin nan da matasa ke liƙawa a babur da bayan waya, asalinsa na mamaci ne.

Maganar sa'a ita ce gindin abin. Bahaushe ya riga ya haɗa goshi da arziki, shi ya sa ake cewa wance tana da goshi. Matuƙan nan yara ne, mafi yawansu sa'annina ko ƙasa da ni, kuma sun san lissafin bai yi musu kyau ba. A cikin mutum 125,000 da suka yi aiki a jiragen jefa bam na Ingila, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba. Runduna ta 8 ta sojan saman Amurka, wadda ke tashi daga Ingila, ta rasa kimanin mutum 26,000. Jirgi kuwa daga masana'anta yake fitowa, launi ɗaya, lamba kawai ta bambanta shi da ɗan uwansa. To mutum goma da za su rufe kansu cikin gwangwani ɗaya su ratsa wuta sai su raɗa masa suna, su nemi wani makaniken da hannunsa ya faɗa da zane ya yi musu hoto. Duk dawowa lafiya a ƙara bam ɗaya a jerin. Memphis Belle, wanda ya cika fita 25 a watan Mayun 1943, sunan budurwar matuƙinsa ya ci, wato 'yar garin Memphis. Manyan hafsoshi ba su cika son hotunan matan ba, amma sukan kau da kai, don sun ga abin yana riƙe zuciyar yara.

To ta ina Kano ta shigo?

Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Jagoransu wani hafsa ne, Arthur Coningham. Ku riƙe sunan. A 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suka fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, aka share filaye a kan hanya. Ba wanda ya san amfanin wannan sharar fage sai a 1940. A watan Yuni na shekarar Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama wurin da jirgin ruwan Ingila ba ya ratsawa cikin kwanciyar hankali, ga kuma sojojinta a Masar suna neman jirage ido rufe. Nijar ta bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, wato daga Illela in ka leƙa Birnin Ƙonni ƙasar da ba a amince da ita ba kake kallo, har zuwa ƙarshen 1942. Amma gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Guyana ta Faransa, ya bi Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Wannan shawara tasa ita ta buɗe sararin sama tsakanin Barno da Sudan.

Sai aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa El Geneina da El Fasher a Darfur, sai Khartoum, sai Masar. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940: Blenheim ɗaya a gaba kamar madugu, Hurricane 6 na biye. Kafin ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi wannan hanya. In ka duba taswira za ka ga kusan sawun alhazan ƙafa suka bi. Zanen da aka fara yi wa waɗannan jirage ba na ado ba ne: farin fenti ake shafawa a bayansu da wutsiya, don in ɗaya ya faɗi a daji ko rairayi a hango shi daga sama.

Cikin jiragen da suka bi ta Kano a 1941 akwai ƙirar Amurka mai suna Tomahawk. Ƙarƙashin farfelarsa akwai wata babbar kafar shan iska mai kama da haɓa. Da suka isa Masar aka ba wa runduna ta 112 wasu daga ciki. Matuƙan rundunar sun riga sun ga jiragen Jamus masu zanen bakin kifin shak a yaƙin Girka da tsibirin Kirit, sai suka lura ƙirar sabon jirginsu ta fi ta Jamusawan dacewa da haƙoran. Suka kwaikwayi abokin gaba, suka fi shi. Kwamandan sojan saman hamada da suke ƙarƙashinsa daga tsakiyar wannan shekara shi ne Coningham, mutumin nan da ya sauka a Kano shekara 16 baya. Hoton jiragen ya fito a wata mujallar Indiya, 'yan sa-kai na Amurka da ke shirin yaƙar Japan a Bama da Sin ƙarƙashin Claire Chennault suka gani, su ma suka zana. Su ne aka fi sani da zanen yau, har mutane na zaton su suka ƙirƙiro shi. (Da masuntan dam ɗin Goronyo aka tambaya, na tabbata bakin tsage ko na kada za su ce a zana, don shak baƙo ne a Rima.)

Daga 1942 manyan jiragen Amurka masu zuwa Masar da Indiya da Sin suka shiga hanyar, suna tsallako teku daga Brazil zuwa Accra, sannan Kano da Maiduguri. Da yawa da sunayensu da hotunansu suka taso daga gida. Ku ƙiyasta leburan da ke mirgino durom ɗin fetur a filin Kano, ya ɗaga kai ya yi ido biyu da hoton mace ba mayafi, tsawon mutum, a goshin wani ƙaton ƙarfe.

Akwai kuma wani nau'in rubutu a jikin jirgi da ya fi shafar mu. A 1940 gwamnatin Ingila ta ƙarfafa tara gudummawar sayen jirgin Spitfire, aka yanka farashi fam 5,000. Duk garin da ya tara wannan kuɗi, ko kamfani, ko mutum ɗaya, za a rubuta sunan da ya zaɓa da ƙananan baƙaƙe a jikin jirgi, gaban mazaunin matuƙi. Kiran ya iso ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. A Nijeriya sarakuna da baitulmalin En'e da ma'aikata da talakawa duk sun zuba, a zamanin da harajin magidanci da sulalla ake lissafa shi. Abin da aka tara ya kai har aka laƙaba wa runduna ta 91, wadda aka kafa a Janairun 1941 a Hawkinge, kusa da gaɓar da ke fuskantar Faransa, sunan Nijeriya. An sa wa jiragenta sunayen larduna. Wanda masu tarihin jirage suka fi ambata shi ne mai lamba AB216, da aka rubuta wa "Nijeriya, Lardin Oyo" da Turanci, wanda kwamandan rundunar Bobby Oxspring ya tuƙa a 1942.

Ni dai a ganina a nan bambancin yake. Sunan budurwa ko hoton doki mai shiga jirgin ne ya zaɓa da kansa, don ransa ne a ciki. Sunan lardi kuwa rasit ne. Mai gonar da aka karɓi sisinsa bai ga jirgin ba, bai san wanda ya tuƙa ba, kuma kalmar gudummawa tana da wani ma'ana daban idan dagaci ne ya zo karɓa da dogari a bayansa. A shekarun nan ne, 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya. Da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe a can.

Alamar da za a ce kakanninmu sun ɗauka a jikinsu tana kafaɗa. Sojojinmu da aka kai Bama suna cikin manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Kwamandanta Bature ya ɗauko shi daga Ananse na tatsuniyar Ashanti, amma Bahaushen da aka ɗinka wa shi a hannun riga ba ya buƙatar tafinta: Gizo ne, mai cin nasara da dabara. Ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, kuma gammon gaskiya ya faɗa, domin dubbai cikinsu 'yan dako ne da suka ratsa duwatsu da kaya a ka. A kwarin Kaladan a 1944, inda mota ba ta shiga, jiragen Dakota ne ke jefo musu abinci da harsashi daga sama. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su kam jirgin ma suka hau, aka sauke su a bayan dagar Japan tare da dakarun Janar Wingate.

Bayan shekara 22 da gama wancan yaƙi bakin kifin ya iso gida. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yulin 1967. Rundunar sojan saman Nijeriya shekararta uku kacal da kafuwa, ba ta da jirgin faɗa na sosai. Biyafara kuwa ta samo wani tsohon jirgin jefa bam ƙirar B-26, ragowar sojan Faransa. Wanda ya kawo shi ya kuma tuƙa shi Jan Zumbach ne, ɗan Poland, gwarzon runduna ta 303 a yaƙin sararin Ingila na 1940, wanda Spitfire ɗinsa ke ɗauke da hoton agwagwar katun, Donald Duck. Yanzu ya zama sojan haya, yana amsa sunan John Brown. A Inugu aka shafa wa jirgin fentin ɓad-da-kama, aka zana masa baki da haƙora, aka ɗora masa bindiga a goshi, aka loda bama-bamai haɗin gida. A watan Yuli ya kai hari filin jirgin Makurdi. A Agusta jiragen MiG na Tarayyar Sobiyat suka fara isowa Kano a cikin manyan jiragen dako, filin nan dai da Tomahawk suka sha mai. Da sojojin tarayya suka shiga Inugu ranar 4 ga Oktoban 1967, sun tarar da jirgin a yashe a fili, bakinsa a wangale kamar yadda aka zana shi.

Abin da ke damuna duk lokacin da na ga ana yaba kyan waɗannan hotuna shi ne, wanda ke ƙasa ba ya ganinsu. Ranar 5 ga Agustan 1945 Kanar Paul Tibbets ya sa aka rubuta sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, a goshin jirginsa. Washegari jirgin ya saki bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima daga nisan kusan kilomita 9 a sama. Ba wanda ya karanta sunan uwar kowa daga ƙasa. Mu ma a gabashin Sakkwato yanzu mun san ƙarar jirgin yaƙi, tun da 'yan bindiga suka addabi Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. Idan ya wuce, wani ya yi hamdala, wani ya kama hannun yara ya shige ɗaki, kuma dukansu suna da hujja. Ranar 25 ga Disamban 2024 harin sama a yankin Silame ya kashe fararen hula aƙalla 10. Kafin nan, daren 3 ga Disamban 2023, a Tudun Biri ta Ƙaramar Hukumar Igabi a Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85 na masu taron Mauludi. Abin da ya jefa musu bam jirgi ne mara matuƙi, ba kowa a cikinsa da zai raɗa masa suna.