Ƙwarya da Zanenta a Ƙasar Cadawa

Duma, wato shukar da ake samun ƙwarya da gora da ludayi daga 'ya'yanta, yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya noma, kuma masana sun danganta asalinsa da Afirka, musamman bayan da aka bayyana samun na dajinsa a Zimbabuwe a shekarar 2004. A Cadawa, garin da ke gundumar Agye a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, da ƙauyukan Gazawa da Gidan Rumji, ana shuka shi da damina a gefen gona ko a bayan gida, inda yake yaɗo ya hau danga da rufin ɗaki, ba a kuma cire shi sai ya ƙosa, ɓawonsa ya yi tauri.

Aikin farko shi ne fafa, wato tsaga duman da wuƙa da kwashe cikinsa, sannan a jiƙa shi, a kankare, a shanya har ɗacinsa ya fita. Aiki ne mai cin kwanaki, shi ya sa Hausawa suke cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Siffar duma ita ke yanke abin da zai zama: babban zagayayye ya zama masaki, matsakaici ya zama ƙwarya, ƙarami ya zama koko, mai wuya a tsaga shi biyu a sami ludayi, dogon kuwa ya zama zunguru na ƙunshin lalle ko shantu na kiɗan mata.

Ado yana zuwa ne ta hanyoyi uku. Akwai sassaƙa, inda mai zane yake feƙe ɓawon waje da wuƙa, farin ciki ya bayyana, ya bar zanen a tsaye da launinsa na asali. Akwai ƙuna, inda yake ajiye wuƙaƙe da yawa a garwashi, yana ɗaukar wadda ta yi ja yana jan layi baƙi a jikin ƙwaryar da ya dafe da gwiwa, yana mayar da ita wuta da zarar ta huce. Akwai kuma tsaga sirara da tsinin ƙarfe, wadda ake cusa wa baƙin tukunya da man shanu domin zanen ya fito. Wasu kan rina ƙwaryar da karan dafi, irin dawar nan da ake samun jan rini daga gare ta. Idan ta fashe ba a yar da ita, sai a kai wa gyartai, mai sana'ar gyaran ƙwarya, ya huda gefen tsagar ya ɗinke.

Tarihin yankin ya ƙara wa sana'ar kasuwa. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta sun kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ta haka manoma Hausawa da Fulani makiyaya suka yi ta haɗuwa a kasuwannin ƙasar, inda fura da nono ba su da mazubin da ya fi ƙwarya. Da ita ake yi wa amarya jere, da ita mata suke kiɗan biki, ita ce kuma cikin goge da garaya. Canji ya zo ne a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da noman gyaɗa ya kawo kuɗi a jihar Maraɗi, kwanonin tasa da na fenti suka mamaye ɗakunan amare, daga baya roba mai araha ta biyo su, har koyon zane ya ragu a tsakanin matasa.

Ƙasar Sin kuwa, wadda wasu daga cikin waɗannan kaya suke fitowa daga masana'antunta, ba ta saki tata sana'ar duma ba. An samu burbushin duma mai shekara kusan 7,000 a Hemudu. A fadar Sarki Kangshi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, ana sanya ɗanyen duma cikin mazubi mai zane domin ya girma da siffarsa. Masu sana'ar birnin Lanjo kuwa suna zana hotuna da rubutu da allura a kan goruna ƙanana. A 2008 hukuma ta sanya sassaƙar duma ta Dongcang, a lardin Shandong, cikin jerin al'adun gado na ƙasa.

Masu zanen ƙwarya na ƙasar Cadawa sun cancanci irin wannan kulawa. Wajibi ne hukumomin al'adu da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su tattara zane-zanen da sunayensu daga bakin tsofaffin masu sana'ar tun suna raye, jama'a kuma su ci gaba da sayen ƙwarya, domin ciniki ne kaɗai zai sa yaro ya zauna ya koya.