Motar Sarkin Afganistan

Cikin watan Agusta na shekarar 1937 babu wanda ya san sunan Pebble Beach a sha'anin motoci. Wani filin wasa ne kawai na masu arziki a bakin teku, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A wannan lokaci kuwa maƙeran Jamus sun ƙare wata mota, ana shirin kai ta Kabul, babban birnin Afganistan. Shekara 86 bayan haka, ran 20 ga Agusta 2023, sai ga motan nan a filin nan na Pebble Beach, alƙalai sun zaɓe ta ita ce sarauniya cikin tsofaffin motoci fiye da 200 da aka tara. Labarin yadda ta kai wannan matsayi shi ne za a bayar a nan.

Wanda aka yi motar dominsa shi ne Sarki Muhammadu Zahir Shah. Ya hau gadon sarauta cikin 1933, yana da shekara 19, bayan an harbe ubansa Nadir Shah. A zamanin nan Afganistan ta yi nisa da shiri da Jamus, gama tana tsoron maƙwabtanta biyu, watau Rasha daga arewa da Ingilishi masu mulkin Indiya daga kudu. Saboda haka Jamusawa masu aikin hannu da injiniyoyi suka yi yawa a Kabul. Ba abin mamaki ba ne da saurayin Sarki ya so mota ya nufi kamfanin Mercedes-Benz. An ba da saƙonta cikin watan Mayu na 1937, ta iso Kabul cikin Satumba.

Irin motar ana ce da ita 540K. Lambar nan 540 tana nuna girman injin, watau lita 5.4, mai silinda 8 a jere. Harafin K kuwa farkon wata kalmar Jamusanci ne, sunan wata na'ura mai cusa iska cikin inji da ƙarfi, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙera. In direba na tafiya a hankali, injin na ba da ƙarfin doki 115. In ya take totur har ƙasa, sai na'uran nan ta kama da wata irin ƙara mai tsanani, ƙarfin ya hau zuwa doki 180, motar ta iya cin kilomita 170 cikin sa'a guda. Ga ta kuwa da nauyi fiye da tan 2.

Amma fa ba injin ne ya sa a ke ribibinta ba. Kamfanin ya ƙera 540K wajen 400, yawancinsu da jiki irin wanda aka saba. Kaɗan ne ƙwarai, ba su kai 30 ba, aka yi musu jikin da a ke kira Spezial Roadster, a ma'aikatar kamfanin da ke garin Sindelfingen, bisa zanen wani gwani mai suna Hermann Ahrens. Mota ce mai tsawon fiye da mita 5, amma mutum biyu kaɗai aka yi wa mazauni na sosai. Gabanta dogo, bayanta ya zube a hankali kamar wutsiyar tsuntsu, rumfarta ta yadi in an naɗe ta sai ta ɓace cikin jiki. Manyan bututun hayaƙi guda biyu masu ƙyalli sun fito ta gefen injin a fili. Da hannu aka buge ƙarfen jikin bisa ƙashin katako, dukawa suka ɗinka fatar kujeru. Kuɗinta a Jamus mak 28,000, alhali ƙaramar Mercedes ta yau da kullum ba ta kai mak 4,000 ba. In an kwatanta da dawaki, wannan ba dokin noma ba ne ko na fatauci, dokin hawan salla ne.

Sarki bai daɗe yana morarta ba. Da yaƙin duniya na biyu ya taso cikin 1939, Afganistan ba ta shiga ba, motar kuwa aka ajiye ta a gidan jakadan Afganistan a birnin Faris. Cikin Yuni 1940 sojan Jamus suka ci Faris, suka zauna har Agusta 1944. A shekarun nan motoci masu yawa sun halaka a Turai: waɗansu soja suka ƙwace, waɗansu bom ya ƙone, waɗansu kuwa bayan yaƙi aka farfasa su don ƙarfensu, gama ba mai man da zai ciyar da su. Ita wannan tana kulle a ɗaki, ba ta fito ba sai wajen 1948. Daga nan Sarki ya ba da ita kyauta ga wani surukinsa, wanda ya kai ta Landan, ya riƙa hawa jefi-jefi. Cikin 1953 aka sayar wa wani attajiri Ba'amurke, Vernon Jarvis, shi kuwa ya sa ta cikin gidan nunin kayan tarihi da ya ke da shi a Silver Springs, cikin jihar Fulorida. Nan ma zama ta yi, shekara da shekaru, mutane na biyan kuɗi suna kallo.

To, a nan ne abin lura ya ke. Sa'ad da aka kawo ta gwanjo a garin Monterey cikin Agusta 2022, agogon da ke ƙidaya tafiyarta bai kai mil 13,000 ba. In an raba wannan cikin shekara 85, bai fi mil 150 da 'yan kai a shekara ba, tafiyar da lori ke yi kafin azahar. Rashin aikin nan shi ya tsare ta. Injinta na asali yana nan, jikinta na asali yana nan, lambobin da aka buga musu sun dace da abin da ke rubuce cikin littafin kamfani. Masu tara tsofaffin motoci kuwa abin da su ke nema ke nan kafin kome: a san ranar da aka ƙera mota, a san wanda ya fara mallakarta, a iya lissafa hannuwan da ta bi ɗaya bayan ɗaya ba tare da giɓi ba, kamar yadda a ke jera sunayen kakannin gidan sarauta. Mota mai kyau wadda aka haɗa ta da gutsattsarin waɗansu motoci ba ta kai rabin darajar wadda asalinta ya tabbata. Ga shi kuma irin jikin nan mai doguwar wutsiya da murfi bisa safayar taya, uku kaɗai aka sani sun rage a duniya. Kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da ita dala miliyan 9.9. Ba ita ce ta fi tsada cikin danginta ba ma, gama cikin 2012 an sayi wata 'yar'uwarta dala miliyan 11.77.

Wanda ya saya shi ne Jim Patterson, mutumin Louisville ta jihar Kentaki, wanda ya riga ya ci babbar lambar Pebble Beach sau biyu, cikin 2010 da 2015. Ya miƙa ta ga masu gyara na RM a ƙasar Kanada. Irin gyaran nan ba na makanikin bakin hanya ba ne. Akan kwance mota duka, a tsabtace kowane ƙusa, a bincika tsofaffin hotuna da takardu don a san yadda ta fito daga ma'aikata, sa'an nan a mai da ita haka, ba ƙari ba ragi. Alƙalan gasar sukan rage maki in sun ga ɗinki ko ƙarfe wanda ba na zamanin motar ba. Kuma ba su yarda da gunki, dole motar ta tashi, fitilu su kama, ta hau dandali da ƙafafunta. Cikin shekara guda aka gama aikin, ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli. Nasararta ita ce ta 10 ga Mercedes-Benz tun da aka fara gasar cikin 1950.

Duk da haka akwai gardama tsakanin masu wannan sha'awa, kuma ba ƙarama ba ce. Waɗansu sun ce motar da ta yi shekara 85 ba a taɓa kwance ta ba shaida ce ta aikin maƙeran farko, in an sāke mata fenti da fata an shafe wani abu wanda kuɗi ba ya mai da shi. Waɗansu sun ce a'a, wanda ya zana ta ya nufa a gan ta sabuwa, tsatsa da dusashewa ba sa cikin nufinsa. Maganar mutanen farko tana da nauyi, gama ana iya gyara mota kowace shekara, amma sau ɗaya tak ta ke zama ta asali. Alƙalan Pebble Beach ma sun karkata can cikin 2024, da suka ba da babbar lambar ga wata Bugatti ta 1934 wadda aka bari da tsohon fentinta da tabonta, abin da ba su taɓa yi ba.

Shi kuwa Sarki Zahir bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Cikin 1973, yana ƙasar Italiya wajen magani, ɗan baffansa Dauda Khan ya tuɓe shi, ya soke sarautar. Ya yi shekara 29 yana zaman baƙunci kusa da birnin Rum, ya komo Kabul cikin 2002 yana tsoho, ya rasu a can cikin 2007.